ALLAH ƊAYA NE, ME YA SA MU KE GANINSA DABAM DABAM?

Akwai wata tambaya da matasanmu su ke yi wa fastoci da dattawan ekklisiya, ta kuwa isa a ba ta amsa. Su kan ce, "Littafinmu ɗaya ne, sunan da mu ke kira ɗaya ne. To, me ya sa idan ka shiga wannan majami'a sai ka ji ana maganar Allah kamar alƙali, ka shiga waccan ka ji kamar likita ne, ka shiga ta uku ka ji kamar attajiri ne mai rabon dukiya? Wanne ne na gaskiya?"

Kada mu tsauta wa mai wannan tambaya. A da yaron da ya tashi a ƙauyukan Kurfi majami'a ɗaya ya sani, da mai bishara ɗaya. Amma tun da a ka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, malamai da ɗalibai da 'yan kasuwa sun zo daga ko'ina cikin Nijeriya, kowa da irin sujadarsa. Yaron nan kuma yana da waya a aljihu, kafin ya ci tuwon dare ya ji wa'azi biyar daga ƙasashe biyar. Maganar fa tana da nauyi. Abin da mutum ya gaskata game da Allah, shi ne zai dogara a kai ran da damina ta ƙi, ko ran da a ka kawo masa mugun labari.

HANYOYIN DA BISHARA TA BIYO

Bari mu fara da tarihi, gama ruwa ya kan ɗauki launin ƙasar da ya ratsa. Bishara ba ta zo ƙasar Hausa ta hanya ɗaya ba. Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS, watau na Angilikan, ya zauna a Zariya tun 1905, daga baya aikin ya koma Wusasa a 1929. Shi ne kan gaba cikin waɗanda su ka juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, a ka buga shi cikakke a 1932. Mishan ɗin SIM kuwa, wanda ya fara a 1893, ya daɗe bai sami ƙofa cikin ƙasashen sarakuna ba, sai wajen 1937 da a ka ba shi kula da masu cutar kuturta a Babbar Ruga kusa da Katsina, da Yadakunya a Kano, da Amanawa a Sakkwato. Ka lura da wannan: fuskar Allah ta fari da mutanen ƙasar Katsina da yawa su ka gani wurin masu bin Yesu ita ce ta mai wanke gyambo. An kuma buɗe tashoshi a wurare kamar Malumfashi da Matazu, ekklisiyoyin da su ka fito daga aikin SIM su ka haɗu a 1954 su ka zama ECWA.

'Yan Katolika na jihar nan sun daɗe a ƙarƙashin Sakkwato, sai a 2023 a ka ba Katsina nata bishop, Gerald Mamman Musa, mutumin Malumfashi. 'Yan Baptis da yawa 'yan kasuwa da ma'aikata ne daga ƙasar Yarbawa su ka hauro da ita. Ekklisiyoyin Fentikos kuwa sun yi ƙarfi tun daga farkawar da ta auku tsakanin ɗaliban makarantu da jami'o'i a shekarun 1970.

ABIN DA KOWACE ƊARIKA TA FI RIƘEWA

Ɗan Katolika ya kan shiga majami'a ya durƙusa tun bai zauna ba. An koya masa cewa Allah mai girma ne, mai tsarki, yana kuma saduwa da mutanensa ta wurin abubuwan da ido ke gani, watau ruwan baftisma da gurasa da ƙoƙo. Ya gaskata Kristi da kansa yana nan cikin Jibin Ubangiji da jikinsa da jininsa, yana kuma roƙon Maryamu da tsarkaka su yi addu'a dominsa. Ɗan Angilikan yana da littafin addu'a da ya gada daga kakanninsa na bangaskiya, a wurinsa Allah mai son tsari ne da natsuwa.

A ECWA da Baptis mumbarin wa'azi shi ne ido ke fara gani. Dalili kuwa shi ne mun gaskata Allah mai magana ne, ta wurin Maganarsa ya ke kiran mai zunubi, ya kuma barata shi ta wurin bangaskiya kaɗai, ba don aikinsa ba. Wannan gado ne daga gyaran da Martin Luther ya fara a Jamus a 1517. Amma ko cikin 'ya'yan wannan gyara an rabu. Mabiyan Yohanna Calvin na Jeniba sun ce Allah ne ya zaɓi masu ceto tun kafin a kafa duniya. Mabiyan Arminiyus, da Yohanna Wesley bayansu, sun ce Allah yana miƙa alherinsa ga kowa, mutum kuma yana iya ƙi. An yi babban taro a kan wannan a garin Dort na ƙasar Holan daga 1618 zuwa 1619, har yau maganar ba ta ƙare ba. Bahaushe ma ya san wannan gardama tun bai ji sunan Calvin ba. Wani ya ce, "Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi." Wani ya amsa masa, "Allah ya ce, tashi in taimake ka."

Ɗan Fentikos ya fi duban Ruhu Mai Tsarki. Tun farkawar titin Azusa a birnin Los Anjeles na Amurka a 1906, ƙarƙashin William Seymour, ɗan bayi da a ka 'yanta, su ke shaida cewa Allah yana warkarwa, yana ba da baye-baye, yana amsa addu'a yau kamar a zamanin manzanni. Ekklisiyoyin Aladura na ƙasar Yarbawa, musamman tun farkawar Yusufu Babalola a 1930, su ma addu'a da warkarwa su ka sa gaba.

Kada kuma mu manta da Ekklisiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ta fara a Garkida a 1923. Su sun riƙe cewa Allah na salama ne, mai bin Yesu ba ya rama mugunta. Yawancin 'yan matan da a ka sace a Cibok a 2014 'ya'yansu ne, an ƙone majami'unsu da yawa, duk da haka shugabanninsu su ka ci gaba da koyar da gafara. A nan za ka ga abin da mutum ya gaskata game da Allah ba a bakinsa kaɗai ya ke tsayawa ba.

BAMBANCIN DA KE CIKIN MAJAMI'A ƊAYA

Amma fa, mai karatu, allon da ke bakin ƙofar majami'a ba ya faɗa maka dukan abin da ke zuciyar masu zama a ciki. Sau da yawa mutum biyu a kan benci ɗaya sun fi nisa da juna fiye da ɗariku biyu.

Ga dattijon da ya fito daga Maguzanci. Maguzawa ba su taɓa musun Allah ba. Sun san shi ya yi sama da ƙasa, sai dai suna ganinsa da nisa, kamar sarki a birnin Katsina wanda talaka ba ya ganinsa, sai dai ya yi hulɗa da mai unguwa da dagaci. Iskoki su ne na kusa, su a ke yanka wa kaza ko akuya domin gona da lafiya. Sa'anda wannan dattijo ya ba da gaskiya, abin da ya cika zuciyarsa shi ne Yesu ya fi iskoki ƙarfi, Allah kuma ya matso kusa. Idan yana addu'a, maganar tsaro da nasara za ka fi ji.

Ga kuma wanda ya girma tsakanin maƙwabtanmu Musulmi. Da su da mu duka muna cewa Allah, kamar yadda Larabawa Kirista su ke faɗi, Littafinmu na Hausa ma sunan da ya ke amfani da shi ke nan. Wannan ɗan'uwa ya koyi girmama Allah, ya san shi ɗaya ne, ba abin da ke faruwa ba da saninsa ba. Abu mai kyau ne ƙwarai. Sai dai wani lokaci bakinsa ya kan yi nauyi wajen kiran Allah Uba, kamar yana jin rashin ladabi ne.

Ka saurari addu'ar iyayenmu mata a taron Zumuntar Mata. Su sun san Allah mai gani da mai ji, wanda ya ga Hajaratu cikin jeji, ya ji kukan Hannatu cikin masujada. Matar da ta kwana riƙe da yaro mai zazzaɓi, ba mota, ba asibiti kusa, ta san wani abu game da Allah wanda ba a koya mana a makarantar Littafi Mai Tsarki ba. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke yoyo. Haka nan manomi da ma'aikaci. Sa'anda mu ke roƙon abincin yini cikin addu'ar da Ubangiji ya koya mana, manomin da hatsinsa ya ƙare a rumbu tun kafin kaka yana roƙon ransa ne, wanda albashinsa ke shiga banki ƙarshen wata kuwa ya kan faɗe ta da baki kawai. Ɗalibin jami'a shi kuma yana son dalili. Yana so ya san yadda Allah na Farawa ya dace da abin da ya ke karantawa a aji.

Ba a ƙasarmu kaɗai a ke ganin haka ba. Wata cibiyar bincike a Amurka mai suna Pew ta tambayi mutanen ƙasar a ƙarshen 2017, ta buga abin da ta samu a 2018. Cikin masu kiran kansu Kirista, mutum 80 cikin 100 ne su ka ce sun gaskata da Allah kamar yadda Littafi Mai Tsarki ya bayyana shi. Yawancin sauran sun ce akwai dai wani iko can sama. Cikin ekklisiyoyin baƙar fata 92 ne cikin 100, cikin ekklisiyoyin bishara masu kama da ECWA 91, cikin tsofaffin ɗarikun Furotestan 72, cikin 'yan Katolika 69. Shekaru ma sun raba su: cikin dukan mutanen ƙasar, wajen kashi biyu cikin uku na masu shekara 50 zuwa sama sun gaskata da Allah na Littafi, amma cikin waɗanda ba su kai 30 ba, 43 ne kawai cikin 100. Ƙidayar Amurka ce, amma darasinta namu ne. Mutum yana iya ɗaukar sunan Kirista alhali Allahn da ke zuciyarsa ba shi da fuska, ba shi da murya.

DUTSEN DA MAI MAGANA

Mutanen Dutsin-Ma sun san dutsen da garinsu ya sami suna daga gare shi. Mai zuwa daga wajen Kurfi yana ganin fuska ɗaya, mai zuwa daga wajen Ƙanƙara yana ganin wata. Idan su ka yi gardama a kan kamanninsa, kowa yana da gaskiya gwargwadon inda ya tsaya, wauta kuwa ita ce ɗaya ya ce gefen da ya gani shi ne dukan dutsen. Haka yawancin bambancinmu ya ke. Lalle Allah mai tsarki ne, mai magana ne, mai warkarwa ne, na salama ne. Ba ɗarikar da ta ƙago waɗannan, duka suna cikin Littafi.

Amma misalin dutse yana da iyaka, dole kuwa mu faɗe ta. Dutse ba ya magana. Ko ka ce fari ne, ko ka ce ja ne, ba zai gyara maka ba. Allah kuwa ya yi magana, ya kuma nuna kansa cikin Ɗansa. Sa'anda Filibus ya roƙi Yesu ya nuna musu Uban, Yesu ya nuna masa kansa ne (Yohanna sura 14). Saboda haka ba daidai ba ne a ce kowa ya riƙe abin da ya ga dama. Akwai mudu, mudun kuwa Yesu Kristi ne.

Ekklisiya ta fari ta san wannan. Wani malami a Iskandariya ta Masar mai suna Ariyus ya koyar cewa Ɗan halitta ne, akwai lokacin da babu shi. A shekara ta 325 bishop wajen 300 su ka taru a garin Nikiya, cikin ƙasar da a ke kira Turkiyya yau, su ka shaida cewa Ɗan Allah ne na gaskiya, ainihinsa ɗaya da Uban. Wanda ya tsaya a kan wannan dukan ransa, har a ka kore shi daga kujerarsa sau biyar, shi ne Atanasiyus, shi ma mutumin Masar, ɗan Afirka. A 2025 shaidar nan ta cika shekara 1700, Paparoma Leo na 14 da Bartalamawus shugaban Otodoks su ka yi addu'a tare a wurin da a ka yi taron. Katolika da Angilikan da ECWA da Baptis da yawancin 'yan Fentikos duka suna tsaye a kan wannan tushe: Allah ɗaya, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Shaidun Jehobah ba su yarda da shi ba, shi ya sa bambancinmu da su ya sha bamban da wanda ke tsakaninmu.

INDA ZA MU HAƘURA DA INDA ZA MU ƘI

Bambanci iri uku ne. Na fari shi ne na abin da kowa ya fi ba nauyi. A nan muna bukatar juna, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai wa'azi ya koyi durƙuso wurin ɗan Katolika, ɗan Katolika ya koyi son karatun Littafi wurin ɗan ECWA, dukanmu mu koyi zafin addu'a wurin ɗan Fentikos, shi kuma ya koyi auna kowane ruhu da Magana.

Na biyu shi ne na koyarwar da mu ka saba da gaske, kamar baftismar jarirai, da ma'anar Jibin Ubangiji, da roƙon tsarkaka, da magana da harsuna. Kada mu yi kamar babu su. Kowa ya faɗi abin da ya gaskata a fili da dalilinsa daga Littafi, amma kada ya kira ɗan'uwansa arne saboda su.

Na uku shi ne wanda ke sake Allah kansa, wannan kuwa ba a yi masa haƙuri. Bari mu kawo misali daga abin da ƙasarmu ta sha. Kowa ya san wahalar da 'yan bindiga su ka jawo wa ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma da Safana da Batsari, musamman daga wajen 2019, yadda gonaki su ka kwana ba shuka, a ka kwashe mutane domin kuɗin fansa. A ce an ɗauke ɗan wani manomi, masu jaje uku su ka zo. Na fari ya ce, "Haka Allah ya rubuta, ba abin yi." Na biyu ya ce, "Ka bincika gidanka, akwai zunubin da ya jawo wannan." Na uku ya ce, "Ka kawo wa bawan Allah kuɗi tukuna, sa'an nan za a saki yaron." Dukansu sun ambaci sunan Allah. Amma ka auna su da mudun nan. Yesu ya san nufin Uban sarai, duk da haka ya yi kuka a kabarin Li'azaru, ya kuma yi aiki. Da a ka tambaye shi ko zunubin wa ya sa a ka haifi mutum makaho, ya ƙi ɗora laifin a kan mutumin ko iyayensa (Yohanna sura 9). Siman mai sihiri kuwa da ya so sayen baiwar Allah da kuɗi, Bitrus ya tsauta masa da zafi (Ayyukan Manzanni sura 8). Na fari ya ɗauki ikon Allah ya yar da jinƙansa. Na biyu ya ɗauki adalcinsa ya mai da shi bulala. Na uku ya mai da Allah boka mai jiran kaza. Ku tuna fushin Ubangiji ya sauka a kan abokan Ayuba domin ba su faɗi gaskiya game da shi ba, ko da ya ke a ganinsu kare shi su ke yi (Ayuba sura 42). Mai jajen da ya faɗi gaskiya game da Allah shi ne wanda ya zauna tare da manomin nan a tabarma, ya yi addu'a, ya tafi ya aiko da damin dawa.

Waɗannan kurakurai ba na ɗarika ɗaya ba ne, suna shiga kowace ƙofa. Dattijon da ya ɗaura wa jikansa laya a ɓoye ya koma ga Allah mai nisa. Ɗalibin da ya ce Allah wani iko ne kawai marar suna shi ma can ya koma, sai dai ta hanyar boko. Marigayi Byang Kato, mutumin Kwoi, wanda ya zama babban sakataren ECWA a 1967, ya rasu a Kenya a 1975, ya yi ta gargaɗi a kan gauraya bishara da abin da ba nata ba, yana kuma son mu bi Yesu a matsayinmu na 'yan Afirka. Gargaɗinsa bai tsufa ba.

ABIN DA YA KAMACE MU

Ya ku fastoci da masu bishara, ku duba wa'azinku na shekara guda. Idan kullum hukunci ne, ko kullum albarka ce, kuna ciyar da garken da abinci iri ɗaya. Ku bi littattafai daga fari zuwa ƙarshe, har da surorin da ba ku so. Ya ku iyaye, ku tambayi 'ya'yanku yadda su ke ganin Allah, ku ji amsarsu ba da faɗa ba, gama sau da yawa halin uba a gida shi ne hoton Allah na fari da yaro ke ɗauka. Ya ku matasa, idan kun ji sabuwar koyarwa a waya ko a majami'a, ku yi tambaya ɗaya: shin wannan Allahn da a ke kwatantawa ya yi kama da Yesu na Linjila, wanda ya taɓa kuturu, ya kori masu ciniki daga haikali, ya mutu a kan gicciye, ya tashi daga matattu?

A cikin makon nan kuma, kowa ya nemi ɗan'uwa ɗaya wanda ba ɗarikarsa ba ne, ko wanda ba tsaransa ba ne, ya tambaye shi abin da Allah ya yi masa. Ka saurare shi har ya gama, sa'an nan ka buɗe Littafinka ka duba ko haka ne. Ubangiji ya ba mu tawali'u mu koya daga juna, ya ba mu ƙarfin hali mu ƙi ƙarya, har ran da za mu gan shi ido da ido. Amin.